Shuɗin Madafina Da Garwar Iri

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yata Binta, Autata. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki, ina gaida angona Abba mai haƙora huɗu. Ya haɗa kaya? Ya gajiyar shirin tashi? Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ya tsare ku daga abin da kuke gani da wanda ba kwa gani, ya sa ku shiga sabon gidan nan da ƙafar dama.

Ni ce Innarki. Kin san ko sunana ban iya rubutawa ba, Malama Zulai maƙwabciyata ce take riƙe da biro, ni ina faɗa. Na ce mata kar ta gyara min magana, yadda ta fito haka za ta zauna. Za ki ce me ya kawo takarda, alhali daga nan zuwa gidan surukanki ko tuwo ba zai huce ba, ga kuma waya. To na gwada. Sau biyu ina ɗaukar mayafi, in kai bakin zaure in dawo. In na ga idonki ba zan iya ba. Ga shi ranar Asabar motar kaya za ta kwashe ku zuwa Ungogo, kin ce kuma kafinta zai fara kafa katako da kun isa. Lokaci ya ƙure min.

Ranar Talata da kika zo, kin zauna a bakin tabarmata kina nuna min hoto a waya. Kika ce, “Inna, kalli kicin ɗina yadda zai zama. Bango shuɗi, tayil shuɗi, durowoyi shuɗɗa. Har robobin zuba hatsi na sayo guda goma sha biyu, duk iri ɗaya, kala ɗaya.” Na kau da kai daga hoton. Kika yi dariya kika ce, “Ke dai Inna ba kya son zamani, sai murhu da baƙin bango.” Na ce miki idona ne ba ya gani sosai. Ƙarya na yi miki. Na gani tar. Sai kuma maigidanki, da ya zo ɗaukarki, na ji yana cewa daga zaure gidan can ba rumbu, irin shukarsa na baɗi da maganin wake a siton kicin zai ajiye.

Binta, ni ma na taɓa yin madafi shuɗi. Ba ki sani ba, ba a haife ki ba. Wannan baƙin ɗakin girkin da kika tashi kika gani, wanda kike min tsiya a kansa, shi ne.

Ina amarya lokacin, da ƙuruciya da son a sani. Matan ƙauyen nan kowa jeren ɗakinta take ƙawatawa, kwanuka da tasoshi har rufi. Ni nawa jeren bai kai ya kawo ba, iyayena ba masu hali ba ne. Sai na ce to bari in yi abin da ba wadda ta yi. Na jiƙa farar ƙasa, na zuba mata bular nan ta wanki, na shafe bangon madafi ciki da waje. Ya fito kamar sama bayan ruwa ya ɗauke. Ƙanina yana aikin fentin motoci a birni, ya kawo min ragowar fenti a gwangwani. Na sami garewani huɗu na kananzir, na wanke su da toka, na shafe su shuɗi, na yi musu murafen katako, su ma shuɗi. Gero a ɗaya, dawa a ɗaya, wake a ɗaya, ɗayar ta gari. Mata suka riƙa zuwa kallo. Facalata Ladi, matar wan babanku, ta tsaya a ƙofa ta riƙe ƙugu ta ce, “Oh ni! Amarya, nan za a yi girki ko nan za a ɗaura aure?” Aka yi ta dariya, ni kuwa kaina ya kumbura.

Uwar mijina, Allah ya jiƙanta, ita kaɗai ba ta yaba ba. Ta leƙa ta ce, “Yarinya, ta yaya za ki gane na gero da na dawa?” Na ce, “Iya, ai na san jerinsu.” A raina na ce tsohuwa ba ta san ado ba. Abin da kika ce min ranar Talata ke nan, shi ya sa ban ji haushinki ba. Kuskurena na farko ke nan. Na yi ɗakin girki don idon baƙi, ban yi shi don hannun mai girki ba. Ke ki tsaya a tsakiyar naki kafin a buga ƙusa ko ɗaya, ki ƙaddara kina zazzaɓi, Abba yana kuka a bayanki, wata ce ta shigo taya ki. In wannan matar ba za ta gane komai da kallo ɗaya ba, to ba a shirya shi daidai ba. Kar ki ce ai za ki manna takarda ki rubuta suna. Surukarki ba ta karatu, ni ba na yi, Abba ma ba ya yi.

Bular nan kuma tana da hali. Ba ta kama bango da kyau, zuba take. Ka jingina ta shafe maka zane, ka taɓa ta rina maka hannu. Kullum sai na ga ɗan shuɗi-shuɗi a bakin tukunya, a kan faifai, a saman hatsi. Tun ina kakkaɓewa har na daina, idona ya saba. Ki riƙe wannan, za ki ji dalili.

Sai shekarun wahala suka zo. Ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai, shekara biyu a jere. Rumbuna suka zama wurin kwanan kaji, kajin ma aka cinye. Rijiya ta ja ƙasa, sai ka zura guga ka jira ya tsatso. Muka koma dusa da tafasa da yaɗiya. Gidajenmu kin san yadda suke, danga jikin danga, in ka ɗora tukunya gida uku sun ji. Yaran maƙwabta suka riƙa zuwa suna leƙe ta tagar madafina, ba sa cewa komai, kallo kawai. Na kasa jure idonsu, na kuma kasa ba su. Sai na cusa tsumma a tagar, na liƙe da laka. Na ce wa mutane iska ce take kashe min wuta.

Wannan shi ne na biyu. Tsoro ya sa ni rowa, rowar ta sa ni a duhu. Da rana tsaka sai na lalubi ludayi. Kin ce kafinta ya ce durowar sama za ta rufe rabin taga, wai ba komai tunda akwai ƙwan lantarki. Binta, wutar da ake kawowa yau a ɗauke kwana uku? Ki ce ya rage durowa ɗaya. In ya yi miki gardama ki ce uwarki ce ta ce, tsohuwar ƙauye ce mai rigima, ya yi haƙuri da ita. Kuma yanzu ma ga yadda gari yake, kowa yana auna abin da zai zuba a tukunya. In yaron maƙwabta ya leƙo, ki ba shi ko loma ɗaya ce, in babu ki ce masa babu. Kar ki rufe taga.

Zulai ta ce in sha ruwa. Na sha. Rubuta.

Kin san kina da wa da ya rasu kafin a haifi su Yaya Sale. An ce miki zazzaɓi ne. Ba zazzaɓi ba ne.

Da bazara ta ƙarato a shekara ta biyu, babanku ya samo irin gero tiya biyu daga wurin ɗan'uwansa. Malamin gona ya ba su wani garin magani a 'yar takarda, a cuɗa da iri don kar ƙwari da tsuntsu su tone shi. Maganin yana rina irin ya yi ɗan shuɗi-shuɗi, an yi haka ne da gangan don kowa ya gani ya san ba na ci ba ne. Babanku ya ji tsoron ɓera da ɓarawo, ya ga garewanina su ne masu murfi mai kyau, garwar wake kuma ta daɗe ba komai a ciki. Ya juye a nan. Ya faɗa min, Allah ya sani ya faɗa min. Ina daka ya tsaya ya ce, “Ta jikin bango iri ne da magani, kar a taɓa.” Na ce to.

Bayan kwana biyu aka ce gwaggona za ta zo gaishe mu. Cikin yunwar nan, ka ga mutum ƙashi da fata, ni abin da ya dame ni kar ta ga madafina a hargitse. Garwar gero ta loɓa a gefe, sai na mayar da ita jikin bango inda ba za a ga loɓawar ba, na jawo mai kyaun gaba. Na share, na jera. Gwaggo ta zo ta yaba ta tafi. Ni kuwa na manta na sauya.

Washegari da hantsi yaron ya tashi yana kukan yunwa. Shekararsa uku. Na shiga duhun nan, hannuna ya tafi inda ya saba, na ɗebo gero cikin tafi biyu. Da na fito haske na ga shuɗi a jikinsa. Na gani, Binta. Na ce bular bango ce ta zuba, na hure shi da baki. Ban surfa ba, don kar dusar ta tafi a banza. Ban wanke ba, ruwan da ya rage a tulu na sha ne. Na niƙa shi haka, na dama kunu a ɗan ƙoƙo. Ko ɗanɗanawa ban yi ba, don in na kai baki yunwa ba za ta bar ni in tsaya ba. Na ja shi bayan ƙofa inda ba mai ganinmu, na ba shi ya shanye, har yana lashe ƙoƙon. Tun a kurɓar farko ya ce, “Yaya, da ɗaci.” Yaya yake ce min. Na ce dusa ce, shanye.

Saboda haka ki ji ni da kyau. Abin da yake kashe ƙwaro, ko ɓera, ko ciyawa, kar ya kwana ɗaki ɗaya da abin da za a ci. Ko a sama, ko a kulle, ko na kwana ɗaya ne. Kar a zuba shi a mazubin abinci, kar a zuba kananzir a gorar ruwa. Faɗa da baki ba ya isa, babanku ya faɗa, ni na ce to, kuma dukanmu masu hankali ne. Robobin nan goma sha biyu, ki mayar wa mai kanti ya canza miki da farare waɗanda ake hango na ciki, ko ki haɗa kala-kala, manya da ƙanana, ko da ba su yi kyau a hoto ba. Hatsi kuma komai tsananin rashi ki wanke shi a haske. In kika ga launin da ba ki gane ba, kar ki nema masa dalili, ki zubar.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila an ceci yaron. Wanda ya fi ci min rai shi ne na gaba.

Ɗan fari ne. Kin san al'adarmu, yanzu ta yi sauƙi amma lokacinmu da ƙarfinta. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Na kakarsa ne. Wadda ta kula nata sai a yi ta yi da ita a bakin rijiya, a ce ba ta da kunya. Ni kuwa ana yabona a kan wannan, har surukata takan ce, “Amaryar nan tawa akwai kawaici.” Rannan Iya ta tafi ta'aziyya unguwar gaba. Muna zaune a inuwar ɗaki da Ladi da wasu mata biyu muna tsinkar tafasa, sai ga shi ya zo yana riƙe da ciki, miyau yana zuba. Ya dafa gwiwata ya ce, “Yaya, cikina.” Na so in ɗauke shi, amma idon mata yana kaina. Na ture hannunsa na ce, “Je ka kwanta, kakarka na zuwa.” Ladi ta ce, “Ke dai duba shi mana, ba za mu faɗa wa kowa ba,” suka kwashe da dariya. Dariyar nan ce ta ƙara zaunar da ni. Na sunkuyar da kai na ci gaba da tsinka.

Ya tafi ya kwanta a ƙofar ɗakin Iya. Ina jin kakarin amansa, ina tsinkar ganye. Tun hantsi har rana ta take tsaka. Sai da Ladi ta tashi zagayawa ta gan shi yana karkarwa, ido ya juye, ta saka ihu. Aka ɗura masa nono, aka ɗura masa manja. Aka kira babanku daga gona, ya ari keke, ya ɗaure shi a ƙirji da rawani ya nufi asibitin Ɗambatta. Ko titi ba su kai ba.

Binta, Abba ɗan farinki ne. Na ga yadda kike sauke shi daga cinya in surukarki ta shigo, har na taɓa yaba miki, Allah ya yafe min. Kunya tana da wurinta, ki bar ta a wajen kiran suna da wasa. Amma in ya ce cikinsa, in ya ce kansa, in ma bai ce komai ba kika ga ya yi wani iri, ki sure shi ki fita da gudu ko ba mayafi. Kar ki jira maigida, kar ki jira wata babba ta ba ki izini. Duk wadda za ta yi dariya ta yi. Matan nan da na ji kunyarsu duk sun mutu, ko ɗaya ba ta taɓa tuna ranar ba, ni aka bari da ita.

Da aka dawo daga maƙabarta, babanku ya shiga madafi shi kaɗai. Ya buɗe garewani, ya ga gurbin hannuna a cikin irin. Ya fito ya same ni a ɗaki. Na jira duka, na jira saki, wallahi da ya yi da na ji sauƙi. Sai ya ce, “Ni na zuba a mazubin abinci. In an tambaya, zazzaɓi ne.” Bai ƙara tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Ni kuma na ɗauki fartanya na kankare bangon nan tas, na fasa tagar, na bar hayaƙi ya yi abin da ya ga dama.

Na ɗauka shirun rufin asiri ne. Yanzu na ga shi ma kuskure ne, kuma shi ne mafi tsawo. Bayan shekaru, a ƙauyen da ke gabanmu, wasu yara biyu suka ci wake mai magani, ɗaya bai tashi ba. Na je gaisuwa na zauna cikin mata ina cewa Allah ya jiƙansa, alhali da na buɗe baki tun farko wataƙila uwarsu ta ji ta kiyaye. Na haife ku ku biyar, ban faɗa wa ko ɗaya ba. Kuna ganin ina wanke gero sau uku kuna cewa Inna ta cika tsirfa. In kin yi kuskure a gidanki, ki faɗa da wuri, tun yana iya amfanar wani. Ki karanta wa maigidanki takardar nan, duk da nauyin da nake ji ya san wannan a kaina. Ki karanta wa yayyenki in kin ga dama.

Sunan wan naki Haruna. Ban taɓa faɗa da bakina ba, yana raye ko bayan ransa, sai yau a gaban Zulai. Yana da 'yar wushirya, yana son bin awaki. Ki sa shi a addu'a da sunansa.

Ban ce kar ki yi shuɗinki ba. Ki shafa a bango, ki sa tayil ɗinki, ki ji daɗin gidanki, kin sha zaman ɗaki ɗaya kin cancanta. Launi bai yi min laifi ba, ni ce na sa komai ya zama kama ɗaya har gargaɗi ya zo gabana ban gane shi ba.

Tsoro biyu nake ji. Ɗaya, ki karanta ki ce tsufa ne, kafinta ya buga abinsa, a shigar da buhun iri sito. Ɗayan, ki karanta ki yarda, ki kasa ƙara kallona, ki hana ni ɗaukar Abba. In dole sai ɗaya ya faru, na zaɓi na biyun. Ba zan yi miki Allah ya isa ba, ba zan kai ƙararki wurin kowa ba.

Ga abin da nake roƙo. Kafin Asabar ki ce wa maigidanki ya kawo irinsa da magungunansa nan gidan. Gonarsa ai a nan take, me zai kai iri birni ya dawo da shi? Na sa an gyara ƙaramin rumbun babanku, an yi masa sabuwar jinka da ƙofa mai kwaɗo, ba abin ci ko ƙwaya a ciki. Kin san duk damina ba na fita shuka, ina ce muku bayana ne. Bayana lafiyarsa ƙalau, hannuna ne ba ya iya taɓa iri tun ranar. Amma wannan zan karɓa da hannuna biyu, in kulle, in rataya makullin a wuyana har ruwa ya sauka. Gara ya kwana kusa da ni da ya kwana kusa da Abba. Ba sai kin zo ba, ba sai kin ce min komai ba. In na ga buhun a zaure, na san kin ji.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare hanya, ya tsare motar da direbanta. Allah ya sa gidan ya zame muku wurin hutawa, ya tsare ku daga wuta da guba da mugun maƙwabci. Allah ya sa tukunyarki kar ta kwana a kife, ya kawo mana sauƙin wannan zamani. Allah ya raya Abba, ya sa shi ne zai binne mu ba mu za mu binne shi ba. Allah ya jiƙan babanku da Iya da Haruna, ni kuma ya yafe min. Zulai tana gaishe ki.

Ina nan a zaure har Asabar.

Wassalam.
Innarki.